Kalmar da Honarabul Ya Ce a Cire

"A cire wannan kalmar," in ji ɗan majalisar, ya ture takardar.

Matan sun zo falonsa na Unguwar Dosa ne don ya gabatar da ƙudurin gwajin sankarar mama kyauta.

"Ni mai iyali ne, Hajiya. Yaya zan miƙe gaban 'yan jarida in ce mama? Ku rubuta lalurar mata."

Shugabarsu, mai ɗinki daga Kawo, ta dafa ƙirjinta.

"Ranka ya daɗe, nawa na hagu likita ya cire bara, saboda shekara biyu ina kunyar faɗin sunansa. Ka bar mana na takardar."

Honarabul ya karɓa, aka ɗauki hoto, babban yatsansa ya rufe kalmar.