Masuncin Kogi da Kifi Mai Ƙaya

Tunda ka ce baƙunta ta ishe ka, bari in ba ka misalin wani masunci. A kogin garinsu ba a kama ƙafarsa wajen lalube, in ya zura hannu a rami sai ya fito da tarwaɗa. Tafiya ta kai shi gaɓar Bahar Maliya, ya zauna yana su don ya ci abinci. Masuntan wurin kullum da yamma sukan yafito shi ya zo inuwar da suke gyaran taru, shi ko sai ya kau da kai. Yana ganin wanda aka haifa cikin su ba ya zama ɗan koyo. Shi kaɗai yake fita, shi kaɗai yake gasa ɗan abin da ya kama, har yakan wuni bai ji muryarsa ba. Kewa tana cinsa, amma ya gwammace ta da a ce bai sani ba.

A cikin duwatsun murjani akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai, da zane shuɗi da rawaya, idanunsa can sama, ɗan bakinsa cike da haƙoran da yake fasa ƙaguwa da katantanwa. In ya tsorata sai ya shige kogo, ya miƙe ƙayar bayansa ta tokare dutse. Ran nan masuncin ya bi shi da hannu irin na gida. Ya ja, kifi ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi, kifi ya datse masa yatsa har ƙashi. Ya ɗaure da tsumma, ya kwanta a bukkarsa bai gaya wa kowa ba, har hannun ya ruɓe, aka yanke yatsu biyu. Bayan ya tashi, yana wucewa ta kasuwa ya ga wata mai sayar da kifi ta ɗauko irin kifin nan, ta danna wata 'yar ƙaya da ke bayan babbar, babbar ta kwanta laƙwas, ita ko tana ta hirarta. Ashe kowa a garin ya san haka. Ya tsaya yana duban hannun da ba zai ƙara riƙe kifi ba, hawaye na zuba, ba ko wanda ya san sunansa balle ya ce masa sannu. Shi ya sa Hausawa suka ce, girman kai rawanin tsiya.