Haƙori Biyu, Rami Uku

Duk wanda ya zauna ya raba wa duniya ramukan soket, wannan ƙasa biyu, waccan uku, Allah ya isa tsakaninsa da matafiya. Mugu ne, kuma na rantse bai taɓa sanin ciwon ƙirji ba.

Baƙon yana durƙushe a bayan kabad, fulogi a hannu, yana haki. Bai tambayi kowa ba ya gano inda soket yake. Sai dai fulogin injin numfashinsa haƙori biyu ne fale-fale, bangon kuwa rami uku ne masu kusurwa. Kura da akuya sun fi su jituwa.

Injin nan shi ne huhunsa. Ƙurar masana'anta ta cinye na ainihin, likitocin can ƙasar waje suka haɗa shi da wannan akwati, suka ce ko da wasa kada ya rabu da shi. Batirin ya mutu tun a mota. Ya cika jaka da tsaraba, amma adafta, 'yar abar da kowane matafiyi ke jefawa a aljihu, ko a ransa bai kawo zai buƙace ta a nan ba.

Tsohuwar gidan ta ja mayafi ta zaga shagunan layin, da ƙafarta mai ciwo. Kowa ya ji bayani sai ya ce, "Baba, irin wannan ai sai filin jirgi." Ta dawo da mai gyaran wuta.

"Ranka ya daɗe, wannan ne ya hana ka sakat?" in ji shi yana dariya. "In hula ta ƙi kai, ai hular ake canjawa."

Ya datse fulogin da filaya, ya ɗaura mai haƙori uku. Baƙon ya ɗaga hannu zai ce masa wutar can rabin ta nan ce, tari ya sarƙe shi. Kafin ya samu bakin magana an soka.

Injin ya yi gurnani, ya ce fat. Warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin.

"Injin ne ba shi da ƙwari," in ji mai gyara, yana tattara kayansa ba tare da ya dubi kowa ba.

Tsohuwa ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan baƙon a cinyarta, tana yi masa fifita da murfin kwali. Leɓensa ya fara sauya launi, asibitin da ke da iskar oksijin kuma ba nan kusa ba.

To, ku masu cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi karin magana ce kawai, ku zo ku ƙaryata ni: ga mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana mafarkin dawowa, yana kwance a ɗakin da aka yanke masa cibiya, a cinyar wadda ta haife shi, bangon ubansa ya ƙi karɓarsa.