Ragon Saman Bene

Igiyar na nan ɗaure a jikin famfo, ragon ne babu.

Medhat ya dawo daga sallar Idi ya hau saman benensu da ke birnin Iskandariyya na Masar, ya tarar da ƙofa a buɗe, sai ciyawa a warwatse. Wata biyu yana kiwon ragon nan don layya, ga surukai za su iso da azahar.

Mutum biyu kawai aka bari a gida: 'yarsa Rudaina mai shekara shida, da mahaifinsa Alhaji Abdussabur, wanda ciwon gwiwa ya hana fita. Tsohon ya shekara arba'in yana fawa kafin ya rufe shagonsa da ke ƙasan benen. Shi zai yanka, tun jiya ya wasa wuƙa.

Kowa ya juya ya dubi Rudaina. Ita ce kullum gaban talabijin tana kallon katun ɗin wani rago mai sa tabarau, Marzuk, har ta raɗa wa na layyar sunansa.

"Ina kika kai shi?" in ji Medhat.

"Wallahi Baba, barci nake yi!"

"Na sha faɗa muku," Alhaji ya tsoma baki yana kakkaɓe gefen jallabiyarsa. "Dabba da tabarau tana wa'azi! 'Aboki ba ya cin aboki,' wai. Ga abin da ya jawo."

Shi ma kullum yana falon in ana katun ɗin, amma jarida yake kifawa a fuska ya yi ta munshari.

Medhat ya sauko da makullin saman benen daga ƙusarsa da ke can saman ƙofa, inda hannun yaro ba ya kaiwa, ya jujjuya shi, ya kuma daka wa yarinyar tsawa.

"Zan ƙirga uku. Ko ki nuna min shi, ko yau jikinki ya gaya miki. Ɗaya!"

Rudaina ta fashe da kuka.

"Biyu!"

Ya ɗaga hannu, sai Alhaji ya cafke shi da irin riƙon da yake yi wa bijimi.

"Kai, ranar Sallah? Ka taɓa ta, in taɓa ka. Tafi kasuwa ka nemo wani kafin a watse. Amma mahauci za ka kai wa, ni gwiwar nan ta hana ni tsugunno."

Medhat ya fice yana huci.

Da gidan ya yi tsit, Alhaji ya share wa jikarsa hawaye, ya naɗe jaridarsa mai ƙaramin huji a tsakiya. Ya zari latas a kicin, ya sauka hawa biyar ba ko ɗingishi, ya ɗaga ƙofar tsohon shagonsa.

"Yi shiru, Marzuk," ya ce a hankali. "Ai a kashi na tara na katun ɗin ma haka abokinka Zomo ya ɓoye ka."