Yabon Alhaji a Manyan Lasifika

Sau huɗu ke nan Sabiru yana goge gitar bas ɗinsa da gefen rawani. Gitar ba ta yi datti ba. Hannunsa ne ke neman abin yi don kada ya tafi wuyan Manzo.

Manzo shi ne mawaƙin ƙungiyarsu. Da safiyar nan, a ƙofar studiyon Ayuba da ke bayan tashar Tasawa, Sabiru ya tsaya gyara gashin baki a madubin babur, sai ya jiyo shi ta taga yana gaya wa mai studiyo cewa da an gama naɗar samfurin waƙar nan za a sallami tsohon, fiyano ya riƙa yin bas.

Tsoho. Mutumin da shekararsa arba'in da bakwai kacal, furfurarsa ma ba ta cika ashirin ba, don da kansa ya ƙirga. Shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da ƙungiyar nan a kafaɗa, shi ya koya wa Manzo yadda ake riƙe makirfo ba kamar ludayi ba, yau shi ake shirya wa sallama ta bayan taga.

Samfurin kuwa ba na wasa ba ne. Alhaji Abdulhakim na Mayahi, tsohon ɗan kokowa da ya koma fataucin wake, zai shirya gasar kokowa bayan girbi, kuma ƙungiya ɗaya zai ɗauka ta yi kiɗan kwana uku. Manzo ya zauna ya tsara masa yabo mai tsawo, na gwarzon da bayansa bai taɓa sanin ƙasa ba.

"Kawu Sabiru, shiga ka yi naka mu wuce," in ji Manzo. "Kada ka wahal da kanka. Daga nan har Attantane kowa a salula yake jin waƙa, salula kuwa ba ta san da zaman bas ba."

"Gaskiyarka, maigida," in ji Sabiru, har da ɗan rusunawa.

Studiyon ɗaki ɗaya ne, an lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai da tsofaffin katifu. Babbar lasifikar Ayuba ta ƙone tun damina, ranar da wuta ta dawo da fushi, ya koma haɗa sauti da wasu ƴan ƙanana biyu kamar gwangwanin kifi. Abin sawa a kunne guda ɗaya ne, mai kiɗa ke ɗauka.

Sabiru ya sa shi. Yana iya sassauta tsirkiya ɗaya komai ya karkace. Yana iya jan ƙafa kiɗan ya riƙa tuntuɓe. Duk ya auna, duk ya zubar. A ce a gari Sabiru ɗan Hawandawaki ya yi kuskure? Ko da gangan yatsunsa ba za su yarda ba.

Ya rufe ido, ya bar yatsun suka koma ga abin da suka iya tun kafin su taɓa ganin gita. Sau ɗaya ya buga, daga farko har ƙarshe. Ayuba ya duba allon na'ura, ya ga komai ya faɗa daidai kan ganga.

"Bon, ya yi. Kawu, yau ka yi kamar saurayi."

Aka tura waƙar a salular Manzo, suka ji ta sau uku. Muryar Manzo ta cika ɗakin, ta ƙoshi, shi ma ya ƙoshi da ita. Daga ƙasa akwai wani ɗan gunaguni, babu wanda ya saurare shi.

Ranar Laraba suka kai wa Alhaji a Mayahi. Ba a gayyaci Sabiru ba, amma ya je, cikin shaddarsa ta Sallah, ya tsaya can wajen mai shayi inda zai ga fuskar kowa. Alhaji yana zaune a ƙofar gida da dattawa sa'o'insa, an sauke masa manyan lasifika huɗu daga Maraɗi don gasar, yana son ya gwada su. Ya ce a sa waƙar a ciki.

Bas ya fito kamar hadari. Kofunan mai shayi suka fara rawa a kan tebur.

Wani dattijo ya tsayar da carbinsa. Na kusa da shi ya kai hannun riga baki, kafaɗunsa na girgiza. Manzo ya ɗauka daɗi ne ya kama su, ya shiga bin waƙar da baki yana ɗaga wa Alhaji hannu, daidai wurin bayan da bai san ƙasa ba. Hannun Alhaji ya tafi ga ƙugunsa na hagu ya tsaya can.

"A kashe," in ji shi. Ya dubi Manzo daga hula har takalmi. "Yaro, wa ya aiko ka?"

"Alhaji, ai yabonka ne..."

"Ɗauki yabonka. In na sake jin wanga abu a Mayahi, ni da kai ne."

Manzo ya tsaya riƙe da salula a tsakiyar rana, yana maimaita baitocinsa ɗaya bayan ɗaya, yana neman kalmar da ta yi laifi. Sabiru ya shanye shayinsa a hankali, ya ce a ƙara masa madara.

Baitocin ba su da laifi ko kaɗan. Abin da ke gurnani a ƙarƙashinsu tun daga farko taken Sale na Hawandawaki ne, mutum ɗaya tak da ya taɓa shimfiɗe Alhaji a gaban jama'a shekara talatin da suka wuce, kuma makaɗin da ya buga wa Sale shi a ranar uban Sabiru ne.