Zazzaɓin da Turai Ta Sani

Duk ran da jikin Sabitu ya ɗau zafi, sai gaban Turai ya yi ta faɗuwa, domin ta san abin da ke biye. Yaron zai riƙe ciki yana murƙususu, ya yi ta zawo har da jini. Bayan 'yan kwanaki ya miƙe kamar ba shi ba. Kafin wata ya zagayo, abin ya dawo.

Ta taɓa ganin wannan ciwo a gidansu. Haka ƙanenta Hudu ya yi ta fama har ya rasu, kuma ta ji ana cewa wani ƙanen mahaifinsu ma haka ya tafi. Amma Sabitu ɗanta ne na fari. Tun da aka yaye shi yake ɗakin kakarsa Inno, uwar mijinta Dalhatu. Turai ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Sai dai ta laɓe a bayan zana tana sauraren nishinsa.

Inno ta yi jiƙo, ta yi turare, ta karɓo rubutu. Da abin ya ƙi, a damanar 1984, Dalhatu ya ɗauke su daga Birchi zuwa asibiti a Dutsin-Ma.

Wata nas mai suna Priscilla ta taɓa cikin yaron, ta ce wa Inno, "Mama, a danginku akwai wanda ya taɓa irin wannan zazzaɓi mai tafiya yana dawowa?"

"A'uzubillahi! Mu zuri'armu garau muke," in ji Inno.

Priscilla ta juya wajen Turai. "Ke ce uwarsa? Ta wajenku fa?"

Inno ta yi dariya. "Ke 'yar nan, da gani baƙuwa ce ke. Ina kika taɓa jin an tambayi uwa zancen ɗan fari? Ni ce uwarshi, ni za ki tambaya."

Maganar ta zo wa Turai har bakin harshe. Ta dubi surukarta, ta dubi mijinta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka ba su maganin zazzaɓin sauro da na atuni, suka koma gida.

Maganin bai yi komai ba. Sabitu ya rame, idanunsa suka faɗa, ko kunu ba ya zama a cikinsa. Bayan kaka, wata safiya cikin ya kumbura ya yi tauri, ko zane ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Suka sake garzayawa asibiti.

Likita na cikin duba shi, Turai ta durƙusa a ƙasa tana kuka. "Likita, ciwon gidanmu ne! Shi ya ɗauke ƙanena. Don Allah kada ya ɗauke mani ɗa!"

Likitan ya ce, "Baiwar Allah, ai wannan ce maganar da muke nema tun farko. Akwai zazzaɓin da ake gadonsa a jini, ba sauro ke kawo shi ba. Idan ya haɗu da kumburin hanji, yakan tsananta. Da mun sani, da tuni na tura ku babban asibiti. Yanzu ina jin tsoro hanjin ya ɓule."

Ya ce su wuce Zariya nan take. Dalhatu ya samo mota. A karon farko Inno ta miƙa wa Turai yaron. Ba su kai Malumfashi ba numfashinsa ya tsaya a kan cinyarta.

Turai na da goyon 'ya mace a lokacin. Har aka share makoki, ba a ga hannunta ya bar goshin jaririyar nan ba, tana duba ko jikinta ya ɗau zafi.

Jama'a, kunya ado ce, amma ba a gaban likita ba. Idan wani ciwo ya taɓa bin danginku, ta wajen uwa ko ta wajen uba, ku faɗa tun zuwan farko. Kuma ku bar uwa ta yi magana a kan ɗanta, ko da na fari ne.