Buhu Ba Roba Ba Ne

Robar ƙofar tallajar Mato ta daɗe da mutuwa, shi ne dai ya ƙi yarda a yi mata jana'iza. Tallaja ita ce firij a bakin mutanen garin Suki. Tasa ƙatuwa ce mai aiki da kananzir, a shagonsa na kasuwa inda yake sayar da nama da madara. Robar ta tsattsage, ta yi baƙi ƙirin da funfuna, kyankyasai sun tare a cikinta har da jikoki. Ƙofar ma ba ta kamawa sai an tokare ta da dutse.

Wata rana Usta Jibirin mai gyara ya biyo daga Damazin. Ya ja robar da yatsa, ta gutsuro.

"Mato, wagga roba ta ƙare, sanyi duk hita yakai. Bari in sa maka sabuwa."

"Ya zol, bawan Allah, ƙyale ni," in ji Mato. "Randa roba gare ta? Buhu aka jiƙawa a naɗa mata, ruwa ya yi sanyi."

Haka kuwa ya yi. Kullum sai ya jiƙa buhu ya lulluɓe ƙofar, ya dafa ya ji sanyi a tafin hannu, ya gyaɗa kai. Ciki kuwa sai ɗumi da laima, kamar hammatar ɗan dako. Tir da wannan wayo!

Ana nan matarsa Kulu ta haihu, bayan an daɗe ana jiran rabo. Ran suna aka yanka rago. Uwar Mato, Inna Barakatu, ta ware cinya da hanta don mai jego, ta ce a yanyanka a shanya a rana yadda aka saba.

"Haba Inna, muna da tallaja a shanya wa ƙuda nama?" in ji Mato. Ya kwashe ya kai shago.

Ranar da ya buɗe don ɗaukowa, wari ne ya fara yi masa maraba. Naman ya yi kore-kore, yana yauƙi, ga ƙwan kyankyaso manne a gefe. Mato ya gani da idonsa. Amma ya koma ya ce wa Inna ita ce da gaskiya? Ina! Ya wanke, ya turbuɗe shi da yaji da tafarnuwa, ya ce wuta za ta ƙarasa sauran, ya kai wa Inna ta dafa.

Farfesun mai jego dama yaji ake zuba masa ba tausayi, don haka ba wanda ya ji komai. Kulu ga yunwar jego, ta cinye tas, har tana yi wa mijinta godiya.

Amai da gudawa suka sarƙe ta, ga ɗanyen jiki. Kafin a sami motar zuwa asibiti, rai ya yi halinsa.

A zaman makoki kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Inna Barakatu kuwa tana rungume da jariri mai tsala kukan nono, ta dubi ɗanta hawaye na zuba.

"Mato, ni na dahwa, ni na ba ta da hannuna. Mi ni yi ba daidai ba?"

Mato ya sunkuyar da kai, ya bar tsohuwa da alhakin da ba nata ba.

Jama'a, duk firij ɗin da ƙofarsa ba ta kamawa akwatin ruɓa ne. In roba ta lalace a canza ta, in abinci ya juya a zubar. Yaji yana ɓoye wari, amma ba ya kashe guba.