Mutumin Gadarif

Ilu yana ɗaure bijimi a ƙofar gida ya jiyo muryar Alhaji Manu daga zaure. Alhajin bai daɗe da dawowa daga aikin hajji ba, ta Sudan ya biyo, ya ce yana da saƙon baka zuwa ga Asama'u, matar Ilu.

"Adda, yana kwance a Gadarif, jiki ya yi tsanani. Ba ya kiran kowa sai ke."

Da baƙon ya tafi, Ilu ya tarar da ita ta kifa kai a gwiwa. Ya tambaye ta wane ne wannan da ke kiranta daga wata ƙasa. Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Malam, ka san bakina ba zai iya faɗar sunansa ba."

Ilu bai nemi ƙarin bayani ba. Shi ma tun da ya aure ta ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ya san dalili. Duk Maigatari an san Asama'u ta yi auren fari da wani makiyayi, sun yi gabas a ƙafa da niyyar Makka, tafiyar ta tsaya a Sudan, auren ya mutu a can, ta biyo ayari ta dawo gidan kawunta a Ɗanzomo. Ranar da ta tare Ilu ya kafa doka cewa kada a ƙara tayar da zancen gabas a gidansa. Fiye da shekara ashirin ke nan, ba ta karya ba, shi ma bai tambaya ba.

Ta daina cin abinci. Ba ta roƙe shi ba, sai dai kullum ya shigo ya ga ta zuba wa bangon gabas ido. Da ya ga tana ramewa, ya kai bijimansa kara ranar Alhamis ya sayar. In dai sai ta je, to ƙafarsa ƙafarta. Yana so ya ga mutumin da idonsa, ya ga abin da ya fi shi da shi.

A Gumel ta tsaya wurin tela, ta miƙa farin yadi ta ce a ɗinka riga. Tela ya tambayi awo. Ta dubi Ilu daga sama har ƙasa.

"Ƙila yanzu ya kai tsawon Malam. A ƙara kaɗan."

Ilu ya fita daga shagon ya tsaya a rana. Shi ko hula ba ta taɓa ɗinka masa ba sai da salla.

Aka yi fasfo a Kano, aka yi musu allurar rigakafi, suka hau jirgi. Da jirgin ya tashi Ilu ya damƙe hannun kujera yana salati. Ita kuwa, wadda ko motar kasuwa tsoronta take ji, ta manna goshi a taga, rigar na rungume a ƙirjinta. Da aka kawo abinci ta naɗe ɗan biredinta da sukari a gefen zane. Bai tambaye ta na wa ba ne.

A Hartum zafi ya tarye su kamar bakin murhu. Wani Batakare, jikan mutanen ƙasar Hausa da suka zauna a can, ya kai su tasha, ya sa su a bas ɗin gabas. Bas ɗin ta wuni tana tafiya a fili fetal, gonakin auduga suka wuce, aka shiga baƙar ƙasa mai tsagewa. Taya ta fashe, aka sauka aka zauna a inuwar motar. Asama'u ta fara nuna masa wurare. Ta nan suka bi da shanu. Can akwai rijiya mai ruwan zartsi. Muryarta ta koma ta yarinya, irin wadda Ilu bai taɓa ji a ɗakinsa ba.

"Kin yi kewarsa ke nan," ya ce.

"Ban taɓa yin salla ban sa shi a addu'a ba."

Ya juyar da kai. Duk sauran hanyar yana tsara abin da zai faɗa. Zai gaishe da maras lafiyan kamar yadda addini ya ce, sannan ya sanar da shi a gaban mutane cewa wannan matar aure ce, kuma da asuba za su juya. In ta yi gardama, kalma ɗaya ce a bakinsa, ya bar ta a can ya koma shi kaɗai.

Sun isa Gadarif da la'asar. A unguwar Takari aka nuna musu wani gida mai dangar kara. Wata tsohuwa, da yara suke kira Goggo, ta fito ta kama kukan murna tana rungumar Asama'u, ta ja su har ƙofar wata bukka. Daga ciki aka yi tari mai nauyi, sannan muryar namiji, a shaƙe, ta ce, "Ta zo?"

Asama'u ta tsaya cik. Ta juya wa ƙofar baya, ta rufe fuska da mayafi. Ilu ya zuba mata ido. Kunyar amarya take yi wa mutumin, a gabansa, da furfurarta! Ya ɗaga ƙafa zai shiga ya gama magana.

Goggo ta riga shi. Ta kama wuyan hannun Asama'u ta juyo da ita.

"Haba 'yar nan, shiga ki riƙe masa kai. Tun kina yaye shi muka karɓe shi a hannunki, yau ba ranar kunyar ɗan fari ba ce."